Bututun Hasken Rana a Asibitoci da Gidajen Kula da Gajiyayyu: Bayani Ga Al'ummar Yankin Haɗejiya

Gabatarwa

Haske yana daga cikin abubuwan da aikin jinya ba ya yiwuwa sai da su. Ma'aikacin lafiya yana bukatarsa wajen duba majinyaci, da neman jijiya domin ƙarin ruwa, da ɗinke rauni, da karanta sunan magani da ranar lalacewarsa. Duk da haka, a ƙananan asibitoci da dama na karkara akan tarar da ɗakunan ciki da duhu da tsakar rana, alhali a waje rana tana ƙwallewa. Idan babu wutar lantarki, sai a koma ga tocila ko fitilar wayar hannu, ko kuma a tayar da janareta domin kunna 'yan ƙwayayen fitila kawai.

Wannan bayani ya shafi wata hanya ta shigar da hasken rana cikin irin waɗannan ɗakuna ta saman rufi, ba tare da lantarki ko man fetur ba, wato bututun hasken rana. An tsara shi domin amfanin jami'an ƙananan hukumomi, da shugabannin asibitoci, da kwamitocin ci gaban mazaɓu, da sauran jama'ar ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗejiya, wato Auyo, Birniwa, Guri, Haɗejiya, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Manufar ita ce a san abin da bututun yake iya yi, da abin da ba ya iya yi, da kuma sharuɗɗan da sai an cika su kafin ya yi amfani a irin yanayin wannan yanki.

Ma'anar Bututun Hasken Rana da Sassansa

Bututun hasken rana wani faffaɗan bututun ƙarfe ne mara nauyi, wanda ake ratsa rufin gini da shi tun daga saman kwano har zuwa silin. Ba ya samar da lantarki, kuma ba shi da alaƙa da farantin sola. Hasken ranar kansa yake ɗaukowa daga sama ya zubo shi cikin ɗaki. Sassansa huɗu ne:

1. Murfin sama. Wannan roba ce mai ƙarfi, garau kamar gilashi, mai siffar ƙwaryar da aka kife. Ita ce take karɓar haske, tana kuma hana ruwan sama da ƙura da ƙwari shiga.

2. Wuyan rufi. Faranti ne na ƙarfe ko roba da ake ɗaure shi a jikin kwano, a liƙe gefensa, domin kada ruwa ya bi ta wurin da aka huda.

3. Bututun kansa. Galibi da alminiyam ake yin sa, cikinsa kuma an shafe shi da abu mai sheƙi kamar madubi.

4. Faifan watsa haske. Shi ne ake gani daga cikin ɗaki, manne da silin kamar fitila. Aikinsa shi ne ya baza hasken ko'ina domin kada ya taru wuri ɗaya ya kashe ido.

Faɗin da aka fi samu a kasuwa shi ne santimita 25, da santimita 35, da santimita 53. Akwai kuma mai ɗauke da marfi a ciki, wanda ake juyawa a rage hasken ko a rufe shi baki ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihi

Dabarar karkato da hasken rana zuwa wuri mai duhu tsohuwa ce. A wajen shekarar 1850 wani mai suna Paul Emile Chappuis ya riƙa sayar da madubai a birnin Landan, waɗanda ake kafawa a bakin taga su tura haske cikin ɗakunan da dogayen gine-gine suka tare. Bututun da aka sani a yau kuwa ya samo asali ne daga ƙasar Ostareliya, inda Steve Sutton ya nemi rajistar ƙirarsa a shekarar 1986, aka kuma fara sayar da shi a 1991 da sunan Solatube. Daga baya kamfanoni da yawa a Turai da Amurka da Asiya suka shiga ƙera irinsa, ya yaɗu a gidaje da makarantu da asibitoci da gidajen kula da tsofaffi.

Akwai kuma sassauƙan nau'i na masu ƙaramin ƙarfi. A shekarar 2002 wani makanike ɗan ƙasar Birazil mai suna Alfredo Moser ya gano cewa idan aka cika gorar roba da ruwa mai tsabta, aka zuba ɗan sinadarin bilic domin hana gansakuka, aka cusa ta a hudar kwano, takan haska ɗaki kamar ƙwan fitila mai wat 40 zuwa 60. Tun daga 2011 aka yaɗa wannan dabara sosai a ƙasar Filifin. Sai dai ta dace ne da ɗakin da ba shi da silin, kamar shago ko ɗakin girki, ba ɗakin jinya ba.

Yadda Yake Aiki da Yawan Hasken da Yake Bayarwa

Haske idan ya shiga ta murfin sama, sai ya riƙa dukan bangon bututun yana komawa ɗaya gefen, yana gangarowa har ya iso silin. A kowane bugu ana asarar wani kaso nasa. Saboda haka ingancin sheƙin cikin bututun shi ne ginshiƙin aikin. Ga misali: idan haske ya bugi bango sau 10 kafin ya iso ƙasa, bututun da yake mayar da kashi 99 cikin 100 a kowane bugu zai isar da kimanin kashi 90. Wanda yake mayar da kashi 95 zai isar da kimanin kashi 60. Wanda kuwa yake mayar da kashi 85 ba zai isar da abin da ya wuce kashi 20 ba. Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa bututu gajere, miƙaƙƙe, mai faɗi ya fi dogo, siriri, mai lanƙwasa.

Ana auna hasken da ya sauka a kan wuri da ma'aunin da ake kira laks, hasken da fitila take fitarwa kuma da lumen. Da tsakar rana idan sama ta washe, hasken da yake sauka a fili yakan kai laks 100,000. Bakin bututu mai faɗin santimita 35 bai kai kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ba, amma duk da haka kimanin lumen 9,600 ne suke faɗa masa a irin wannan lokaci. Ko da rabin wannan ya salwanta a hanya, abin da zai iso ɗaki ya kai hasken ƙwayayen fitilar zamani masu wat 9 guda biyar zuwa shida. A ɗaki mai murabba'in mita 20, wannan zai ba da kusan laks 200. Ƙa'idojin gine-ginen asibiti na ƙasashen Turai sun tanadi laks 100 domin hasken yau da kullum a ɗakin kwanciya, laks 300 domin karatu da duba majinyaci sama-sama, da laks 1,000 domin cikakken bincike da yin magani. Ke nan bututu ɗaya ya wadatar da hasken yau da kullum, amma aikin da yake bukatar ƙwaƙƙwaran gani yana bukatar bututu babba ko fiye da ɗaya, tare da fitila ta musamman.

Wajibi ne a lura cewa wannan lissafi na tsakar rana ne. Da hantsi da la'asar hasken yakan ragu, haka ma idan hadari ya haɗu ko hazo ya yi kauri.

Amfanin Hasken Rana Ga Marasa Lafiya da Ma'aikata

Tun a shekarun 1850 shahararriyar ma'aikaciyar jinyar nan ta Ingila, Florence Nightingale, ta nace cewa bayan iska mai kyau, haske ne abin da majinyaci ya fi bukata a ɗakinsa. Binciken zamani ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

A shekarar 1996 wasu masu bincike biyu, Beauchemin da Hays, sun wallafa sakamakon nazarin da suka yi a birnin Edmonton na ƙasar Kanada a kan masu fama da ciwon tsananin damuwa. Waɗanda aka kwantar a ɗakuna masu hasken rana sun yi matsakaicin kwana 16.9, na ɗakuna masu duhu kuwa kwana 19.5. A shekarar 2005 aka wallafa wani nazarin daga birnin Pittsburgh na Amurka a kan mutum 89 da aka yi wa tiyatar ƙashin baya. Waɗanda suke ɓangaren da ya fi haske sun sami ƙarin hasken rana da kashi 46 cikin 100, kuma maganin kashe zafin ciwon da suka sha a kowace awa ya gaza na sauran da kashi 22 cikin 100.

Dalilin wannan yana da nasaba da agogon da yake cikin jikin ɗan Adam, wanda yake tsara lokacin barci da farkawa da fitar wasu sinadarai. Hasken safiya da yake shiga ido shi ne yake saita wannan agogo kowace rana. A shekarar 2017 aka ba wasu masana uku, Hall da Rosbash da Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda agogon yake aiki. Majinyacin da ya yi kwanaki a ɗaki mai duhu dare da rana barcinsa yakan rikice, ya yi ta gyangyaɗi da rana, ya kasa runtsawa da dare.

Bugu da ƙari, hasken rana ba ya sauya launin abu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a yankin fadama, inda zazzaɓin cizon sauro yake yawaita da damina da kaka, yana jawo ƙarancin jini ga yara da mata masu juna biyu. Ma'aikacin lafiya yana gane ƙarancin jini ne ta hanyar duba fatar cikin ido da tafin hannu, yana gane shawara ta hanyar rawayar ido da fata. Duka biyun sun fi bayyana a hasken rana fiye da hasken tocila ko ƙwan fitila mai ja-ja. Haka nan tabon kuturta na farko a jikin fata.

Dacewarsa da Yankin Haɗejiya

Abubuwa huɗu ne suka sa wannan dabara ta dace da yankin.

Na farko, matsayin rana. Garin Haɗejiya yana kimanin digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wato wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Ko a watan Disamba da ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana yakan kai kimanin digiri 54. Idan rana tana sama sosai, haskenta yakan faɗa cikin bututun kai tsaye, ba ya yawan dukan bango, asara kuma takan ragu. Tsawon yini ma ba ya sauyawa da yawa: daga awa 11 da 'yan mintuna a Disamba zuwa kusan awa 13 a Yuni.

Na biyu, zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Tagar da take fuskantar gabas ko yamma tana shigo da zafi mai yawa, shi ya sa ake rufe ta da labule. Da hunturu kuma ana rufe tagogi saboda sanyi da ƙura. Magina na gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, abin da ya sa suke yi wa soro 'yar ƙaramar taga can sama. Bututun haske yana bin wannan hikima ne: ƙaramar kafa, haske mai yawa. Duk zafin ranar da yake sauka a bakin bututu mai faɗin santimita 35 bai kai wat 100 ba, kwatankwacin zafin da jikin mutum ɗaya yake fitarwa. Wannan ya sha bamban da faffaɗan kwanon roba mai haske da ake sawa a rumfunan kasuwa, wanda yake mayar da ɗaki kamar tanda.

Na uku, irin ginin. Mafi yawan ƙananan asibitocin karkara gini ne na ƙasa, ba bene ba, mai rufin kwano da silin. Tsakanin kwanon da silin bai cika wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, wanda shi ne tsawon da bututu ya fi ba da haske.

Na huɗu, ambaliya da yankewar hanya. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano suke sarrafa ruwansa, yakan cika ya tumbatsa a ƙarshen damina, ga kuma ciyawar kachala da take toshe hanyoyin ruwa. An yi mummunar ambaliya a yankin a shekarun 2018 da 2020 da 2022, wadda ta shafi garuruwa da dama a Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kiri Kasamma da Haɗejiya. A irin wannan lokaci hanyoyi sukan yanke, kai man janareta ƙauye yakan gagara, marasa lafiya kuma sukan ƙaru saboda amai da gudawa da zazzaɓi. Hasken da ba ya bukatar mai ko waya yana ci gaba da aiki muddin rufin yana nan. Har ila yau, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya zama nauyi babba ga ƙananan asibitoci.

Matsalar lantarki a asibitoci ba ta wannan yanki kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a watan Janairun 2023 ya nuna cewa kusan mutum biliyan ɗaya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa asibitocin da ba su da lantarki ko kuma wutarsu ba tsayayya ba ce.

Wuraren da Ya Dace a Sa Shi da Waɗanda Bai Dace Ba

Wuraren da suka fi cin moriyarsa su ne: hanyar da take ratsa tsakiyar gini, tsakiyar babban ɗakin kwanciya inda hasken taga ba ya kaiwa, teburin ma'aikatan jinya, ɗakin awon ciki da ɗakin haihuwa, inda ake rufe tagogi saboda sutura, ɗakin ajiye katunan marasa lafiya, da kuma banɗaki da makewayi, inda duhu yake jawo zamewa da rashin tsabta.

Akwai kuma wuraren da ake bukatar taka-tsantsan:

1. Ɗakin da ake kwantar da masu sanƙarau, ko mata masu jijjigar ciki, ko wanda aka yi wa aikin ido. Waɗannan haske mai ƙarfi yana damunsu. Idan za a sa bututu, to ya zama mai marfin rage haske.

2. Ɗakin ajiye magunguna da alluran rigakafi. Haske yana lalata wasu daga cikinsu, musamman allurar BCG ta tarin fuka da ta ƙyanda. Kada a sa faifan daidai kan kantar magani, kuma a bar kowane magani cikin kwalinsa.

3. Ɗakin tiyata. Ana iya amfani da shi domin hasken ɗakin baki ɗaya, idan an liƙe faifan yadda ƙura ba za ta zubo ba, amma ba zai taɓa maye gurbin fitilar tiyata ba.

4. Daidai saman fuskar majinyaci. Wanda yake kwance rigingine silin yake kallo. A sa faifan ta wajen ƙafar gado ko tsakanin layukan gadaje.

Abubuwan da Bututun Ba Ya Iya Yi

Ba ya ba da haske da dare. Haihuwa da haɗari ba su da lokaci, saboda haka dole ne asibiti ya kasance da lantarki ko sola mai batir. A shekarar 2008 wata likitar mata daga Amurka, Dakta Laura Stachel, ta yi aikin nazari a wani asibitin gwamnati da ke Zariya, ta ga yadda rashin wuta da dare yake hana ceton mata masu naƙuda. Wannan ne ya sa ita da mijinta Hal Aronson suka ƙera akwatin sola na ɗakin haihuwa, wanda ƙungiyarsu ta We Care Solar ta rarraba a ƙasashe da dama. A Jihar Jigawa ma, tun a farkon shekarun 2000 aka fara gwada sola a wasu ƙauyuka, har da ɗakunan shan magani. Dangantakar bututu da sola ta taimakekeniya ce: idan ba a kunna fitilu da rana ba, batir yakan cika sosai ya kai asuba, wutar kuma ta isa firjin allurar rigakafi.

Ba ya maye gurbin taga. Bututun a rufe yake, iska ba ta bi ta cikinsa. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan amfani da iskar taga wajen rage yaɗuwar cututtukan da iska take ɗauka, irin su tarin fuka. Kuskure ne babba a toshe taga ko a gina ɗaki babu ita da hujjar an sa bututu. Ban da iska, ganin waje ma magani ne. A shekarar 1984 Roger Ulrich ya wallafa nazari a kan mutum 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a Jihar Pennsylvania ta Amurka. Waɗanda tagarsu take kallon bishiyoyi sun riga waɗanda tasu take kallon bango komawa gida da kusan kwana ɗaya, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Ba ya maganin shawarar jarirai. Gaskiya ne haske yana rage shawara, kuma a shekarar 2015 an wallafa sakamakon gwajin da aka yi wa jarirai 447 a wani asibitin haihuwa da ke Legas, inda aka yi amfani da rumfa mai tace hasken rana, aka sami sakamako daidai da na injin asibiti. Amma wannan rumfa ce ta musamman, ana auna haskenta, ana kuma auna zafin jikin jariri a kai a kai. Hasken bututu bai kai wannan ƙarfi ba. Duk jaririn da idonsa ko fatarsa ta yi rawaya a garzaya da shi asibiti, kada a shanya shi a rana.

Haka kuma murfin sama yana tare mafi yawan ɓangaren hasken rana da yake ƙona fata. Wannan yana da kyau, amma yana nufin hasken ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ba ya kuma sa jiki ya samar da sinadarin bitamin D. Shara da wanke ɗaki da fitar da majinyaci ya sha hantsi suna nan a matsayinsu.

Ƙa'idojin Girkawa

Duk hudar da aka yi wa rufi ƙofa ce ta yoyo idan ba a yi aikin da kyau ba. Damina a wannan yanki takan faro ne da iska mai ƙarfi wadda take yaye kwano, wani lokaci har da ƙanƙara. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Injiniya ko ƙwararren jami'in gine-gine ya fara duba rufin. Idan kwanon ya yi tsatsa ko gara ta ci katako, a gyara tukuna.

2. Wuyan rufin ya dace da ƙirar kwanon da ke kai. A cusa gefensa na sama ƙarƙashin kwanon da ke bisansa domin ruwa ya bi ta kai, a ɗaure da noti mai roba, a liƙe da abin liƙi mai jure rana. Kwalta da tsumma ba sa daɗewa.

3. Kada a yanke katakon da yake ɗauke da rufi domin buɗa wa bututu hanya. A matsar da bututun.

4. A kauce wa inuwar bishiya da tankin ruwa da farantin sola.

5. A liƙe duk mahaɗar bututun. Jemagu da zanzaro da ƙadangaru suna zama tsakanin kwano da silin, ƙura kuma tana dusashe sheƙin ciki.

6. A tsofaffin gine-gine akwai silin da rufin da aka yi da asbestos. Ƙurarsa tana jawo mummunan ciwon huhu da kansa. Kada a yanka shi ko a huda shi sai da umarnin injiniya, kuma bayan an fitar da marasa lafiya.

7. A nemi murfin da aka yi domin jure zafin rana. Roba mara inganci takan yi rawaya ta tsattsage cikin 'yan shekaru.

8. A yi aikin da rani, a gwada da ruwa kafin a biya ɗan kwangila, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa zai gyara duk yoyon da ya bayyana a damina ta farko.

Lokacin da ya fi dacewa a sa bututu shi ne lokacin sabon gini ko lokacin sake rufi bayan iska ko ambaliya, domin a lokacin kafinta yana kan rufin, kuɗin aiki kuma yakan ragu.

Kulawa da Gyara

Bututun ba shi da inji ko waya ko wani sashe da yake ƙonewa, amma yana bukatar kulawa. Babban abokin gabarsa a nan shi ne ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwan saman da zai wanke murfin. Ya kamata a wanke shi aƙalla sau ɗaya a wata a wannan lokaci, da ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi. Kada a goge shi a bushe, kada kuma a sa masa fetur ko kananzir ko soson ƙarfe, domin suna dusashe robar. A hau rufi da sassafe kafin kwano ya yi zafi, a taka daidai layin ƙusa, wani kuma ya riƙe tsani. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a duba noti da abin liƙi. Bayan kowace iska mai ƙarfi a sake dubawa. Ya dace shugaban asibiti ya ɗora wannan aiki a kan mutum ɗaya sananne, a kuma riƙa rubuta ranar da aka yi shi.

Tsofaffi da Masu Doguwar Jinya

A ƙasashen Turai ana amfani da bututun haske a gidajen kula da tsofaffi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi diddigin tsofaffi 189 a gidaje 12 na ƙasar Holan, mafi yawansu masu ciwon mantuwa. An ƙara hasken ɗakin zamansu da fitilu daga kimanin laks 300 zuwa kimanin 1,000 da rana, aka ga alamun damuwa sun ragu, raguwar tunani kuma ta ɗan sassauta.

A ƙasar Hausa, tsoho a gaban iyalinsa yake tsufa, gidajen gajiyayyu kaɗan ne kuma a manyan birane suke. Amma darasin ya shafe mu. Idon tsoho yana bukatar haske ninkin na matashi kafin ya gani sosai, ga kuma yanar ido da take yawaita da shekaru. Faɗuwa a ɗaki mai duhu ko a makewayi tana jawo karayar ƙugu, wadda sau da yawa takan kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa. Duk mai jinyar tsoho ko wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki a gida ya tabbata ɗakinsa yana samun haske da rana, ana kuma fito da shi inuwar tsakar gida da hantsi. Haka nan wuraren da majinyata suke yin makonni, kamar sashen masu yoyon fitsari na Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008, irin wuraren ne da hasken rana yake da muhimmanci na musamman.

Rawar da Hukumomi da Jama'a Za Su Taka

Kafin a kashe ko kwabo, shugaban asibiti da kwamitin ci gaban mazaɓa su zagaya ginin da tsakar rana, fitilu a kashe, su rubuta ɗakunan da ba a iya karanta takardar magani a cikinsu. Wani ɗakin fentin fari kawai yake bukata, wani sassabe reshen da ya tare taga, wani kuma gyaran tagar da ta maƙale. Waɗannan sun fi arha, da su ya kamata a fara. Ɗakin da ya rage da duhu bayan haka shi ne na bututu.

Daga nan sai a gabatar da bukatar ga sashen lafiya da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, da Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jiha, ko Ma'aikatar Lafiya idan babban asibiti ne kamar na Haɗejiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, ta kuma ware kashi 15 cikin 100 nasa domin samarwa da kula da gine-gine da kayan aiki da sufuri. Da yake daga ƙasashen waje ake shigo da bututu mai inganci, farashinsa yana bin canjin kuɗi, don haka a nemi farashi daga 'yan kasuwa fiye da ɗaya, a kuma bukaci takardar da ta nuna yawan sheƙin cikinsa. Hikima ce a fara da ɗaki ɗaya ko biyu, a ga yadda za su ƙetare damina ɗaya da hunturu ɗaya, sannan a faɗaɗa.

Kammalawa

Bututun hasken rana ƙaramin aiki ne mai amfani ɗaya tak: haskaka ɗakin ciki daga hantsi zuwa la'asar ba tare da lantarki ba. A yankin Haɗejiya, inda rana take da ƙarfi, gine-gine suke na ƙasa, ambaliya kuma take yanke hanya, wannan amfani ba ƙarami ba ne. Nasararsa ta dogara ne a kan abu uku: a girka shi yadda ba zai yi yoyo ba, a riƙa wanke murfinsa da hunturu, kada kuma a ɗauke shi a madadin taga ko wutar dare. Ana kira ga jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni da dagatai da kwamitocin asibitoci da su riƙa tuna batun haske a duk lokacin da ake shirin gina asibiti ko sake masa rufi.